Ƙafar Tarago na Biyar

Wanda bai taɓa tsayawa kan gadar tashar Nyarfas da ƙarfe bakwai saura kwata na safe ba, to, kada ya zo yana ba ni labarin taron jama'a. Layin dogo uku ne suke haɗuwa a wurin, na kudu da na gabas da wanda ya zagaye bayan gari ta wajen masana'antu, kuma duka ukun a cikin minti shida suke turo jiragensu. Ƙofofi na buɗewa sai mutane su kwararo, dubu uku ko fiye, masaƙa da magina da 'yan makaranta da tsofaffi mata masu kwandunan ƙwai, na wannan jirgi suna gudu zuwa wancan, na wancan suna gudu zuwa na uku. Gadar ta ƙarfe ce, har rawa take yi a ƙarƙashin takalma. Ba mai kiran wani, ba mai tambayar hanya, kowa ƙafarsa ta san matakalarta. Minti shida na cika sai Etelka mai jar hula, wadda ke sallamar jirage, ta ɗaga koren faifanta, su ja su ukun, dandamali ya koma fayau sai tattabaru da ƙamshin langosh, wato soyayyar wainar fulawa mai tafarnuwa. Na ga wannan abu ya fi sau dubu, kuma har yau in na gani sai tsigar jikina ta tashi.

Duk wannan gudun da ake yi a sama, a ƙasa akwai mutum ɗaya da ba ya gudu. Bodnar Vendel ke nan, wanda tun daga shugaban tasha har mai sharar dandamali Kawu Vendel suke ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin bakinsa ya yi fari, ga guduma mai doguwar ƙota har ƙugunsa. Aikinsa bugun ƙafafun jirgi. Kowace ƙafar tarago tana da zoben ƙarfe mai kauri wanda shi ke taka dogo. In zoben lafiyayye ne, ka buge shi sai ya ɗauki ƙara mai tsawo. In kuwa ya tsage ko ya saki, sai ya yi ɗan gajeren "dum" ya yi shiru. Da safe jirgin kudu shi ne rabon Vendel, tsofaffin taragai takwas cike maƙil, kuma daga Nyarfas gangare jirgin yake bi da gudu ya hau doguwar gadar kogi kafin ya shiga Budapest. Su biyu suke raba shi. Ambrus, ƙanin matarsa, yana bin gefen dandamali, shi kuma Vendel yana bin ɗaya gefen, cikin tsakuwa, a 'yar siririyar hanyar da ke tsakanin jirgin da layin da jiragen kaya suke wucewa. Ƙafa talatin da biyu kowannensu, cikin minti shida.

A wani ƙauye can kudu aka haife shi, inda ba a san wani noma ba sai kankana. Tun yana ɗan shekara shida uwarsa take aza shi kan amalanke ya ƙwanƙwasa mata kankana ɗaya bayan ɗaya, ya ware nunanna da ɗanya, kuma ba a taɓa dawo mata da ko guda ba. Yana da shekara goma sha tara ya shigo reluwe da takalmin aro. Aka ba shi guduma ya gwada, ya bi tarago uku, ya dawo ya ce wa tsohon da ke koya masa wai ƙafa ta shida tana da mura. Aka yi ta yi masa dariya, har ranar da aka kai taragon gareji aka ga zoben ya fara saki.

A shekara talatin da uku na aikinsa ƙafa goma sha ɗaya ya kama. Kada ka raina sha ɗayan nan. Kowace ɗaya jirgi ne guda cike da mutane waɗanda suka je suka dawo, suka ci miyarsu ta yamma, suka yi faɗa da matansu, ba su ma san an yi ba. Mutanen unguwa kuwa sun mai da kunnensa abin labari. Shi ne ya tare limamin cocin bayan tasha ya ce masa ƙararrawarsu ba za ta kai Ista ba. Limamin ya ce ƙararrawar ta girmi kakan Vendel, ya je ya ji da jiragensa. Saura mako biyu Ista ta rabe tun daga baki har wuya. Tun daga nan mata suka dinga kawo masa tukwane a kasuwa ya ƙyasta musu kafin su biya.

To, wannan kunnen ne ya tafi. Ba dare ɗaya ba. Na hagu ne ya fara, wanda ya sha kukan jiragen kaya shekara da shekaru, sannan na dama ya bi shi a hankali, har ya zama muryar mutane sai ya kalli baki, ƙarar ƙarfe kuwa babu ita sam. Vendel ya ji tsoro, tsoro na gaske. Dokar reluwe ba ta wasa da kunne: mai aiki tsakanin dogaye, in likita ya yi raɗa daga taku shida bai ji ba, ranar zai ajiye kayan aiki. Duk shekara uku ake wannan gwaji, nasa kuma da sauran lokaci. Sai ya ja bakinsa ya yi shiru, don shi bai san wane ne Bodnar Vendel ba in babu guduma a hannunsa.

Ambrus ne ya kama shi. Wata rana a ɗakin hutawa Vendel na yanka albasa a kan burodinsa mai kitse, Ambrus ya tsaya bayansa ya yi ta magana, sannan ya zagayo gabansa ya zauna.

"Mijin Yaya, sau uku na zagi giyar palinkar da ka dafa bana. Na ce ruwan wankin kwano ya fi ta. Ko gezau."

"Ai na san bakin da ya fito, shi ya sa ban kula ba."

"Ƙarya kake, tsoho. Bara da na faɗi rabin wannan kwana huɗu ba ka gaishe ni ba. Kunnen ya tafi, ko?"

Vendel ya ajiye wuƙar. "In ka faɗa," ya ce, "ni ma zan faɗa wa yayarka inda ka kai keken babanku da aka ce ya ɓata."

"Wa ya ce zan faɗa? Kai dai ka rage saurin nan naka na ɗan ƙauye. Ka buga, ka ba ni numfashi ɗaya, sannan in buga tawa. Ta ƙarƙashin tarago ina jin taka sarai."

Haka suka yi shekara biyu. Vendel ya buga, Ambrus ya saurara daga wancan gefe, sannan ya buga tasa. Kunne biyu suna aikin huɗu, ba wanda ya lura, sai ma fasinjoji da suke cewa bugun 'yan jirgin kudu ya fi na kowa daɗin ji. A cikin shekarun nan ne wani abu ya faru da Vendel wanda bai faɗa wa ko Ambrus ba. Hannunsa ya fara ji. Ƙafa mai lafiya in ya buge ta, wata 'yar rawa takan hawo ƙotar gudumar ta shiga tafinsa, ta daɗe kafin ta mutu. Ya daina sa safar hannu ko da ƙanƙara na zuba, yatsunsa suka farfashe, matarsa Piroska ta yi faɗa har ta gaji. Amma bai yarda da hannun ba. Cewa yake a ransa wannan ruɗin kurma ne kawai, aikin gaske yana wurin Ambrus.

Sai ga wata Talata cikin Satumba. Ranar Litinin da yamma Ambrus, mutum mai jikoki, ya ga babu abin da ya dace da shi sai hawan bishiyar bayan gidansa don tsinko 'ya'yan da suka rage a can ƙoli. Ya faɗo, ƙafa ta karye gida biyu. Da safe Vendel ya iso tasha cikin yayyafi ya tarar an turo masa Gaspar daga filin jiragen kaya, wani dogo mai bugun ƙafa kamar yana korar kuɗa, wanda bai san wata yarjejeniyar numfashi ɗaya ba. Vendel ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya ya koma gida, amma kafin ya gama tunanin jirgin kudu ya riga ya shigo, gada ta fara rawa.

Ya sauka cikin tsakuwa ya fara. Tarago na ɗaya, na biyu. Ruwa ya jiƙa birki ya riƙe ƙafafun tamau, kuma a Nyarfas ba a sakin birki don tashar a bakin gangare take, saboda haka rawar da ke hawowa hannunsa gajera ce yau, amma tana nan. Na uku, na huɗu. A tarago na biyar, ƙafa ta biyu, ya buga, ba abin da ya hawo. Ya sake bugawa. Ya koma baya ya bugi wadda ya wuce, ta amsa. Ya dawo kan wannan ya buga sau biyu, ƙotar ta tsaya a hannunsa a mace. Ya durƙusa ya shafa zoben, ya leƙa, ba tsaga, ba komai, ƙarfe sumul yana sheƙi da ruwa. Ya ɗaga kai ya ga tagogin taragon, fuskoki manne da gilashi, wata mata tana gyara wa 'yarta ɗankwali. Saura minti ɗaya da rabi.

Bai san lokacin da ya kama ƙarfen ƙofa ya hau ba. Ya kutsa cikin mutane ana zaginsa, ya dira a dandamali ta ɗaya ƙofar, ya ɗaga gudumar a gicciye bisa kansa da hannu biyu. Etelka ta riga ta ɗaga faifanta zuwa kafaɗa. Ta gan shi, ta sauke. Da yake jirgin kudu shi ke fara fita ya buɗe wa sauran hanya, sai duka ukun suka tsaya cak.

Kan ka ce kwabo tagogi sun sauka.

"Kawu, barci ne bai ishe ka ba?"

"Kai za ka je ka yi wa foman ɗinmu bayani?"

"Ku ƙyale shi, tukunyar wata ya zo dubawa."

Kelemen, shugaban tasha, ya fito ba hula, yana taku biyu-biyu. Mutum ne mai adalci amma agogo ya fi ƙarfinsa, kuma shi ma ya yi shekara biyar da guduma kafin ya hau kujera. Suka zagaya cikin tsakuwa su uku da Gaspar. Kelemen ya karɓi gudumar, ya bugi ƙafar, ya bugi ta gabanta, ya bugi ta bayanta, ya karkata kai. Gaspar ma ya buga, ya ɗaga kafaɗa.

"Kawu Vendel," in ji Kelemen, Vendel na kallon leɓɓansa, "duk ƙafafun yau haka suke, birki ya riƙe su. Bakinsu ɗaya da 'yan'uwanta."

"Ba ɗaya ba ne, Shugaba. A cire taragon."

"A cire tarago a tsakiyar jirgi, yanzu? Rabin awa ke nan, layi uku a tsaye. Ba raina ka na yi ba, Allah ya sani, amma ga kunnena ga na Gaspar, huɗu ke nan a kan biyu, ga ruwan sama, ga hayaniya, kai ma kuma shekaru sun ja. Zan buga waya a duba ta in sun isa Budapest." Ya miƙa masa gudumar, ya juya zai yi wa Etelka alama.

Vendel ya riƙo hannun rigarsa. Ya san sarai abin da zai faɗa da abin da zai biyo baya. Amma tsakanin nan da Budapest akwai gangare da gadar kogi.

"Ba biyu a kan huɗu ba ne, Shugaba. Ni ban ji komai ba. Shekara biyu ke nan ban ji ƙarar ƙafa ko ɗaya ba."

Da yake kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa, duk tagogin tarago na biyar sun ji. Kelemen ya juyo ya dube shi.

"Ambrus ke saurara mini, laifin nawa ne, ni na sa shi. Amma ƙafa ɗari huɗu nake bugawa a yini da wannan hannun ba safa." Ya buɗe masa tafin, duk ya farfashe. "Ƙafar da birki ya riƙe da wadda ta tsage, a kunne ɗaya suke, gaskiyarka. A hannu ba ɗaya ba ne. Wadda birki ya riƙe tana rawa kaɗan. Wannan kamar ka bugi buhun gari. A shekara biyun nan ba wadda ta taɓa yi mini haka."

"Ka san abin da ka faɗa yanzu?" Kelemen ya tambaya a hankali, yana buɗe baki sosai, don ya riga ya gane. "A gaban shaidu?"

"Na sani."

Kelemen ya dubi hannun, ya dubi agogo, ya sake duban hannun. Mutumin da ya yi shekara biyu yana ɓoye abu ba zai zubar da shi cikin tsakuwa a banza ba. Ya juya ga Gaspar ya ce, "A sauke mutane. A kira mai haɗa taragai."

Aka sauke su, mutum ɗari da talatin daga tarago ɗaya, suna gunaguni da tsaki. Dandamali bai ɗauke su ba, ga na sauran jirage duk sun fito kallo, sai jama'a suka hau gada suka jeru har matakala, lema a kan lema. Inji ya ja taragai biyar na gaba, ya wuce mararraba, ya fara turo na biyar da baya zuwa layin ajiya, a hankali, tafiyar da ko tsohuwa mai kwando za ta wuce ta. Ban taɓa ganin Nyarfas ta yi shiru da safe ba sai ranar. Ƙafafun farko suka hau mahaɗar dogaye suka wuce. Ta biyu na hawa sai zoben ya fashe.

An ce har a gidan burodin bayan coci an ji, sun ɗauka bindiga ce. Zoben ya buɗe baki ya zame gefe, taragon ya karkata ya zauna a kan dogo yana girgiza, babu kowa a ciki. Mutum dubu uku suka zabura lokaci guda. Vendel kaɗai ne bai motsa ba, yana tsaye cikin tsakuwa da gudumarsa. Abin da ya gani shi ne tattabaru sun tashi gaba ɗaya daga rufin tasha, da kawunan da ke kan gada sun juya tare. Sannan kawunan suka juyo gare shi. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi ihu. Maza suka fara cire huluna cikin ruwan saman nan, ɗaya bayan ɗaya, tun daga matakalar ƙasa har can ƙarshen gada. Matar nan mai 'ya ta durƙusa a dandamali ta rungume yarinyar har tana neman shaƙe ta. Da aka duba daga baya, tsagar ta ciki ce, ta cinye zoben saura kaurin yatsa biyu.

Bayan rabin awa jiragen suka tafi, tasha ta koma aikinta. Da hantsi Kelemen ya kira shi ofis. Takarda biyu ce a gabansa, ɗaya ta yabo, ɗaya ta dakatarwa daga aikin dogo, kuma kwanan wata ɗaya suke ɗauke da shi. Ya sa hannu a ta farko da sauri. Ta biyun ya daɗe yana juya alƙalami.

"Ba yadda zan yi, Kawu. Da a ce doka ta san hannu..."

"Ba ta sani ba. Sa hannu, Shugaba. Ambrus dai a bar shi."

"Ambrus na asibiti, ni ban ji sunansa ba yau. Akwai wuri a ɗakin kayan tsintuwa, in kana so."

"Lemar da mutane suka manta a jirgi zan zauna gadi?"

Ya kai gudumar sito da kansa. Mai sito ya karɓa ya rataye ta a ƙusa tare da sauran, ya ba shi 'yar takarda. Vendel ya fito yana jin hannunsa na dama wani iri, ya sa shi a aljihu, ya fitar, ya rasa inda zai ajiye shi. Baƙin ciki ne ya cika shi, ba kunya ba, ba fushi ba, baƙin ciki zalla, har bai ga masu gaishe shi a hanya ba.

Gidansu na cikin jerin gidajen ma'aikata da ke bin gefen layin jiragen kaya. Ya isa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba a ranar aiki. Ruwa ya ɗauke, Piroska na zaune a dokin ƙofa tana shirya jan barkono a zare don a rataye ya bushe. Tana ganinsa ta miƙe, barkono ya zube.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu." Ya tsaya a gabanta kamar baƙo. "Na faɗa musu, Piroska. Sun karɓi gudumar."

Ya ɗauka za ta yi faɗa, ko ta rarrashe shi. Sai ya ga ta koma ta zauna daɓas, ta rufe fuska da gefen zanen aikinta, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe, hawaye ne shaɓe-shaɓe, amma ba fuskar mai baƙin ciki ba ce. Ta jawo shi ƙasa, ta kama haɓarsa ta juyo da shi ya kalli bakinta.

"Shekara biyu," ta ce. "Duk jirgin kayan da ya yi kuka a layin nan sai in ajiye abin da ke hannuna, in ƙirga har ɗari biyu, ina jiran a buga ƙofa a ce ya bi ta kanka ba ka ji shi ba. Sau goma sha huɗu a yini. Kai ba ka jin su, ni nake ji maka."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"In faɗa ka ajiye don ni, ka zauna kana kallona da shi har mu mutu?"

Vendel da ya san ciwon ƙarfe daga taɓawa ɗaya, shekara biyu yana kwana gefen matar nan bai san wannan ba. Ya zauna kusa da ita a dokin ƙofa, ya tsince barkonon da ya zube, yana miƙa mata ɗaya bayan ɗaya tana sokawa a allura. Can jirgin kaya na ƙarfe biyu ya yi kuka a bayan katanga. Vendel bai ji ba. Ya dai ga hannunta bai tsaya ba.